Idan Kebek Ta Ɓalle Daga Kanada: Wa Zai Yi Guɗa, Wa Zai Haɗa Kayansa?

A daren Litinin, 30 ga Oktoban 1995, mutanen Kanada sun kwana a gaban talabijin suna jiran su ji ko ƙasarsu za ta wayi gari a haɗe. Lardin Kebek, inda mafi yawan jama'a ke magana da Faransanci, ya kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewa. Da aka fara ƙirga, masu cewa "E" ne a gaba. Sai da akwatunan birnin Montiriyal suka shigo sannan reshe ya juye. A ƙarshe masu cewa "A'a" suka samu kashi 50.58 cikin ɗari, masu son ɓallewa suka samu 49.42. Ƙuri'a 54,288 kacal ta raba su, a zaɓen da sama da kashi 93 cikin ɗari na masu rajista suka fito.

Kimanin shekara talatin ke nan, amma maganar ba ta mutu ba. Jam'iyyar Parti Québécois, wadda ta shirya ƙuri'ar 1980 da ta 1995, ta sake ɗaukar alkawari ta bakin jagoranta Paul St-Pierre Plamondon cewa in ta hau mulki za ta kira ƙuri'a ta uku. Don haka tambayar tana nan daram: idan wata rana "E" ta yi rinjaye, yaya mutane za su ɗauki al'amarin? Wanda ya bi tarihin wannan tirka-tirka zai ga cewa ba murya ɗaya za a ji ba. Kuma muryar da za ta fi wahalar amsawa ba daga Otawa, babban birnin tarayya, za ta fito ba. Daga cikin Kebek ɗin kanta za ta taso.

Tushen ƙorafin

Faransawa ne suka kafa birnin Kebek a 1608 ƙarƙashin Samuel de Champlain. A 1759 sojojin Birtaniya suka ci birnin da yaƙi, kuma a 1763 Faransa ta sallama yankin baki ɗaya. Daga nan masu Faransanci suka zama talakawan sarautar Ingila. Sun riƙe harshensu, da cocin Katolika, da dokokinsu na mu'amala, amma dukiya da manyan muƙamai suka tattaru a hannun masu Ingilishi. A 1839 wani wakilin Birtaniya, Lord Durham, ya ba da shawara a fili cewa a narkar da su cikin Turawan Ingila. Ba su manta da wannan ba har gobe.

Har zuwa shekarun 1960, ɗan Kebek mai Faransanci yana iya shiga masana'anta a garinsu ya tarar shugaban aiki ba ya jin yarensa, kuma ba ya ganin dalilin koyo. Wani kwamitin bincike na gwamnatin tarayya ya gano cewa a cikin lardin nasu ma, albashinsu yana kusa da na ƙarshe idan aka jera ƙabilu. Wannan ne ya haifar da farkawar da ta fara a 1960 zamanin Firimiya Jean Lesage, da takensu na "mu ne masu gida a gidanmu". Gwamnatin lardi ta karɓe makarantu daga hannun coci, ta mayar da kamfanonin wutar lantarki mallakar jama'a a ƙarƙashin Hydro-Québec. Ministan da ya jagoranci wannan aiki, René Lévesque, shi ne ya kafa Parti Québécois a 1968, ya ci zaɓe a 1976, kuma a 1977 gwamnatinsa ta kafa dokar nan mai lamba 101 da ta mayar da Faransanci harshen aiki, da na allunan kanti, da na karatun 'ya'yan baƙi.

Ƙuri'ar farko a 1980 ta faɗi, kusan kashi 60 suka ce "A'a". Shekara biyu bayan haka aka yi wa kundin tsarin mulkin Kanada garambawul ba tare da amincewar gwamnatin Kebek ba, kuma har yau babu gwamnatin lardin da ta sa masa hannu. Yunƙurin sulhu na Meech Lake ya rushe a 1990, na Charlottetown ya biyo sahu a 1992. Wannan ɓacin rai ne ya kai su bakin ƙofa a 1995.

Masu guɗa, da masu ajiyar zuciya

Ranar da "E" ta ci, za a cika titunan Montiriyal da na birnin Kebek da tuta mai shuɗi da fari. Dattawan da suka yi kuka a 1980 da 1995 za su sake kuka, amma na farin ciki. Wajibi ne a fahimci abin da ke zuciyar waɗannan mutane. Mutanen lardin gaba ɗaya kimanin miliyan 9 ne, kewaye da masu Ingilishi fiye da miliyan 300 a Kanada da Amurka. Ƙidayar 2021 ta nuna masu amfani da Faransanci a gida sun ragu zuwa kashi 77.5 daga kashi 79 a 2016. Mai son ɓallewa yana kallon waɗannan alƙaluma yana cewa: in ba mu da ƙasa tamu, jikokinmu za su yi mana addu'a da harshen wasu.

Suna kuma da hujjar cewa ba daga sifili za su fara ba. Kebek tana karɓar harajinta na kuɗin shiga da kanta, tana da asusun fanshonta, da 'yan sandanta, da dokokin mu'amala nata daban, kuma tun 1991 ita ke zaɓar mafi yawan baƙin da ke zuwa neman aiki a cikinta. Faɗin ƙasarta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.5, wato ta fi Jamhuriyar Nijar girma. Tana sayar wa Amurka wutar lantarki, kuma kusan duk sanholon da Kanada ke narkawa daga can yake fitowa.

Sai dai masu Faransancin ma ba bakinsu ɗaya ba. A 1995 kimanin kashi 60 ne daga cikinsu suka ce "E". Sauran suka ƙi. Akwai gidajen da miji da mata suka rabu a akwati, akwai 'yan'uwan da suka daina zama a faranti ɗaya. Da yawa suna jin su 'yan Kebek ne da fari, amma ba sa ganin hakan ya hana su zama 'yan Kanada. Kakanninsu ne suka fara ɗaukar sunan "Kanadiyan", kuma lardin ya ba ƙasar firaministoci irin su Wilfrid Laurier, Pierre Trudeau, Brian Mulroney da Jean Chrétien. Waɗannan za su wayi gari da jin an ƙwace musu rabin gadonsu.

Akwai kuma rukuni na uku, wanda zai fi kowa shan mamaki: waɗanda suka ce "E" don su tsorata Otawa, ba don su tafi ba. Tambayar 1995 doguwa ce, ta haɗa maganar 'yanci da tayin sabon ƙawance na siyasa da tattalin arziki. Mutane da dama sun kaɗa ƙuri'a da zaton fasfo da dalar Kanada za su ci gaba da zama a aljihunsu. Firimiya Jacques Parizeau kuwa ba wasa ya fito yi ba; a shirye yake ya ayyana 'yanci ko da tattaunawa ta ci tura.

Waɗanda aka tarar a ƙasar

Kwana shida kafin ƙuri'ar 1995, al'ummar Cree da ke arewacin lardin suka shirya tasu ƙuri'ar. Sama da kashi 96 suka ce ba su yarda a fitar da su da ƙasarsu daga Kanada ba. 'Yan Inuit na can ƙuryar arewa su ma suka kaɗa tasu, amsar ta zo kusan iri ɗaya. Shugaban Cree na lokacin, Matthew Coon Come, ya tsaya kan magana ɗaya: in 'yan Kebek na da haƙƙin zaɓar makomarsu, to mutanen da suka riga su zama a wurin da dubban shekaru sun fi cancanta da wannan haƙƙi.

Wannan ita ce tambayar da masu fafutukar ɓallewa ba su taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba. Arewacin lardin ba ya cikin Kebek ɗin da ta shiga tarayya a 1867. Majalisar tarayya ce ta ƙara mata shi da dokokin 1898 da 1912. Kuma a wannan arewa ne manyan madatsun ruwan James Bay suke, waɗanda Hydro-Québec ke taƙama da su. Yarjejeniyar 1975 da ta ba da damar gina su, ɓangarori uku suka sa mata hannu: 'yan asali, da lardi, da tarayya. Idan ɗaya ya zare jiki, saura za su ce sai an sake zama.

A kudu kuma akwai Mohawk, waɗanda ƙasarsu ta ratsa iyakar Kebek da Ontariyo da Amurka. A 1990 rikici kan faɗaɗa filin wasan golf zuwa ƙasar da suke ɗauka tasu a garin Oka ya jawo zaman doya da manja na kwana 78, ɗan sanda ya mutu, aka turo soja. Al'ummomin asali 11 ne a lardin, kowace da harshenta da buƙatarta. Sabuwar ƙasar da ta ce iyakarta ba ta taɓuwa, alhali ita ta taɓa ta Kanada, za ta sha tambaya daga kowane ɗayansu.

Masu Ingilishi da baƙin da suka zama 'yan gida

Abin da masu Ingilishi za su yi ba sai an yi duba ba, don an riga an gani. Bayan nasarar Lévesque a 1976, sama da mutum 100,000 daga cikinsu suka bar lardin cikin shekara biyar. Kamfanin inshora na Sun Life ya sanar da kwashe hedikwatarsa zuwa Toronto a 1978, kuma a wannan zamani ne Toronto ta kammala shan gaban Montiriyal a harkar kuɗi. Idan 'yanci ya tabbata, wasu za su sake ɗaura kaya a mota su bi babbar hanyar Ontariyo. Amma waɗanda suka rage yau ba irin na da ba ne. Yawancin matasansu suna jin Faransanci, sun yi auratayya, kuma Montiriyal ce garinsu. Wasunsu za su zauna su nemi a rubuta musu haƙƙin makarantu da asibitocinsu a sabon kundi. Wasu kuma za su farfaɗo da kiran da aka yi bayan 1995, cewa unguwannin da suka ce "A'a" su ci gaba da zama a Kanada. Jami'an tarayya sun faɗa a lokacin cewa in Kanada na rabuwa, to Kebek ma na rabuwa.

Baƙi kuwa, 'yan Haiti, da Italiya, da Girka, da Labanan, da Aljeriya, da Maroko, da Kamaru, da Senegal, suna da tabon da bai warke ba. A daren da aka sha kaye a 1995, Parizeau ya hau mumbari ya ɗora laifin kan "kuɗi da ƙuri'un ƙabilu". Washegari ya sanar da murabus, amma magana zarar bunu ce. Duk wanda iyayensa suka zo daga wata ƙasa ya ji a jikinsa cewa akwai masu ganin ƙuri'arsa ba ta kai ta wani daraja ba.

Musulmin lardin suna da ƙarin dalilin zulumi. A 2019 majalisar Kebek ta kafa doka mai lamba 21 da ta hana malaman makarantun gwamnati, da 'yan sanda, da wasu ma'aikata sanya alamar addini a bakin aiki. A aikace, mace mai hijabi ce ta fi jin nauyinta. Mafi yawan masu Faransanci suna goyon bayan dokar, suna ganin ta a matsayin cikar raba coci da gwamnati da suka yi wa kansu. Musulmin da ya tuna harin da ya kashe masallata shida a masallacin birnin Kebek ranar 29 ga Janairun 2017 zai tambaya: in babu kotun ƙolin Kanada a sama, ina zan kai kuka? Adalci ne kuma a faɗi cewa dubban 'yan Kebek sun fito cikin tsananin sanyi don jajanta wa Musulmi bayan harin, kuma akwai 'ya'yan baƙi da suka tashi a makarantun Faransanci da ke goyon bayan 'yanci da zuciya ɗaya.

Sauran Kanada: daga lallashi zuwa fushi

Kwana uku kafin ƙuri'ar 1995, dubun dubatar mutane daga sauran larduna suka yi tururuwa zuwa Montiriyal suna roƙon kada a tafi. Kada wannan ya ruɗi kowa. Wanda ya yi lallashi aka ƙi shi, ba da fara'a yake zuwa teburin rabo ba.

Taswira kaɗai ta isa ta tayar da hankali. Kebek tana tsakiya; in ta fita, larduna huɗu na gabar Atlantika za su yanke daga sauran ƙasar, jirgin ƙasa da manyan motoci sai sun ratsa wata ƙasa. Hanyar jiragen ruwa ta kogin Saint Lawrence, wadda aka buɗe a 1959, ita ce ƙofar Ontariyo zuwa teku. A Kanadar da ta rage, Ontariyo kaɗai za ta ƙunshi kusan rabin jama'a, abin da lardunan yamma ba za su lamunta ba. 'Yar jarida Chantal Hébert ta bayyana a littafinta na 2014 cewa Firimiyan Saskatchewan, Roy Romanow, ya kafa kwamitin sirri kafin ƙuri'ar, kuma cikin abubuwan da aka duba har da yiwuwar lardinsa ma ya kama gabansa.

A Alberta mai arzikin man fetur, wasu za su ce Allah raka taki gona. Kebek na karɓar sama da dala biliyan 13 na Kanada a shekara daga asusun daidaita larduna, kuma a 2021 kusan kashi 62 na masu zaɓe a Alberta suka nemi a soke wannan tsari daga kundi.

Waɗanda za su fi kowa maraici su ne masu Faransanci kusan miliyan ɗaya da ke zaune a wajen Kebek: Akadiyawan New Brunswick, da na Ontariyo, da na Manitoba. Dokar 1969 da ta daidaita Ingilishi da Faransanci a ayyukan tarayya tana tsaye ne saboda nauyin Kebek. Ranar da wannan nauyi ya gushe, da wuya ɗan majalisa daga yamma ya ci gaba da kashe kuɗi a kan harshen 'yan tsiraru. 'Yancin da zai kare Faransanci a gefe guda na kogi zai iya zama sanadin shaƙe shi a ɗaya gefen.

Rabon dukiya da bashi

Rabuwar ƙasa kamar rabon gida ne tsakanin 'yan'uwa: ɗakuna ba sa wuyar rabawa, rigimar tana kan rijiya, da ƙofar fita, da bashin da mai gida ya bari. Kanada za ta ce Kebek ta ɗauki bashin tarayya daidai da yawan jama'arta, wato sama da kashi ɗaya cikin biyar. Kebek za ta nemi a rage. Parizeau ya ce za su ci gaba da amfani da dalar Kanada. Babu mai iya hana su, amma ba su da ta cewa kan kuɗin ruwa. Dubban ma'aikatan tarayya da ke kwana a Gatineau ta gefen Kebek suna tsallaka gada zuwa ofis a Otawa za su so jin makomar albashi da fanshonsu tun kafin rana ta faɗi.

Har batun soja ya taso a 1995. Wani ɗan majalisa na jam'iyyar Bloc Québécois, Jean-Marc Jacob, ya aika takarda zuwa barikoki yana gayyatar sojojin da suka fito daga lardin su koma rundunar sabuwar ƙasa idan "E" ta ci. Gwamnatin tarayya kuma ta janye jiragen yaƙinta daga sansanin Bagotville da ke Kebek kafin ranar ƙuri'a. Ƙasar da aka sani da sanyin hali ma, shugabanninta sun yi tanadin mummunar rana.

Idon duniya

Amurka ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Shugaba Bill Clinton ya fito a 1995 ya nuna ya fi son Kanada a dunƙule. Kuma tun da Donald Trump ya ƙaƙaba haraji kan kayan Kanada a 2025 yana kiran ta jiha ta 51, 'yan Kebek da dama suka sake auna ko ƙasa mai mutum miliyan 9 za ta iya ciniki ita kaɗai da irin wannan maƙwabci.

Faransa ce za a zuba wa ido. A ranar 24 ga Yulin 1967 Janar de Gaulle ya tsaya a barandar majalisar birnin Montiriyal ya yi kirarin Kebek mai 'yanci, gwamnatin Kanada ta fusata, ya koma gida bai taka Otawa ba. Daga baya Paris ta koma kan manufar ba ta tsoma baki, ba ta kuma kau da kai. Zuciyarta na iya karkata ga Kebek, amma tana da Korsika da Sabuwar Kaledoniya a wuyanta.

Afirka ma ta taɓa shiga wannan rigima. A 1968 Gabon ta gayyaci Kebek taron ministocin ilimi a Libreville kamar ƙasa mai cin gashin kanta, Kanada ta dakatar da hulɗa da ita. A Yamai ne, ranar 20 ga Maris 1970, da Shugaba Diori Hamani a matsayin mai masauki kuma mai shiga tsakani, aka kafa hukumar da ta zama ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci, aka kuma samo hanyar da Kebek za ta zauna a ciki a matsayin gwamnati ba tare da ta zama ƙasa ba. Ɗan Kebek, Jean-Marc Léger, shi ne sakatarenta na farko. A zamanin yaƙin Biyafara kuwa, Faransa ta nuna goyon baya ga masu ɓallewa, gwamnatin Pierre Trudeau kuma ta tsaya tare da haɗin kan Najeriya, tana sane da abin da ke bayan gidanta. Ƙasashen Afirka sun amince da Eritriya a 1993 da Sudan ta Kudu a 2011 ne saboda Adis Ababa da Khartum sun yarda. Kataloniya ta ayyana 'yanci a 2017 ba da yardar Sifaniya ba, babu ƙasa ko ɗaya da ta amsa mata. Haka za a yi wa Kebek: duniya za ta jira ta ji bakin Otawa.

Abin da doka ta shimfiɗa

A watan Agustan 1998 kotun ƙolin Kanada ta yanke hukuncin da ya ba kowane ɓangare rabin abin da yake so. Ta ce Kebek ba ta da ikon ɓallewa da kanta, ko a dokar ƙasa ko ta duniya. Ta kuma ce idan rinjaye bayyananne ya amsa tambaya bayyananniya, wajibi ne sauran Kanada su zauna a tattauna, kuma tattaunawar ta ƙunshi iyakoki, da bashi, da haƙƙin 'yan asali da na tsiraru. A 2000 majalisar tarayya ta yi doka cewa ita za ta tantance ko tambaya da rinjayen sun fito fili, ba ta kuma faɗi adadi ba. Majalisar Kebek ta mayar da martani da tata dokar: rabi da ƙuri'a ɗaya ya wadatar. Idan sakamako ya zo kashi 51, a nan za a fara kai ruwa rana.

Ban da tashin hankalin Oktoban 1970, lokacin da 'yan bindigar FLQ masu neman ɓallewa suka sace jami'in Birtaniya James Cross suka kashe minista Pierre Laporte, mutanen nan sun kwashe fiye da rabin ƙarni suna jayayya kan raba ƙasa da takardar ƙuri'a da zauren kotu. Lévesque kansa ya yi tir da masu bindiga, kuma waɗanda suka sha kaye da tazarar da ba ta kai kashi biyu ba sun karɓi hukunci suka koma gida. Wannan abin girmamawa ne a duniyar da irin wannan gardama ta cinye miliyoyin rayuka.

Haƙƙin 'yan Kebek ne su nemi ƙasar da harshensu zai rayu a cikinta ba tare da fargaba ba. Amma ƙuri'a ba za ta gama maganar ba. Za a auna sabuwar ƙasar ne da yadda ta amsa wa Cree da Inuit, da mai Ingilishin da aka haifa a Montiriyal, da malama mai hijabi. Al'ummar da ta shafe sama da shekara 250 tana kukan an danne ta saboda ƙarancinta, dole ta ba na ƙasa da ita abin da ta nema daga na sama. In ba ta shirya yin haka ba, ba ta shirya zama ƙasa ba.